Rantsuwa da Sunan Allah: Hukuncinta da Ladubbanta, Tare da Duban Ƙasar Ruma da Safana

Gabatarwa



Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin hukuncin rantsuwa da sunan Allah da ladubbanta, kamar yadda suka zo a littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sa'an nan ta auna su da abin da ke gudana a wani yanki guda, watau yammacin Jihar Katsina. Mun zaɓi wannan yanki da gangan. Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna iyaka da Dajin Rugu, kuma mutanen ƙauyukansu, kamar Darini da Wagini a ƙasar Ruma, ko Runka da Zakka a ɓangaren Safana, sun shafe shekaru suna fama da satar shanu da sace mutane don karɓar fansa. A irin wannan hali rantsuwa ta wuce batun ciniki da hira. Da ita ake ƙulla sulhu, da ita ake wanke wanda aka zarga da kai rahoto daji, da ita kuma ake tilasta wa mai rauni ya yi shiru. Saboda haka sanin abin da shari'a ta ɗora mata, da abin da ba ta ɗora mata ba, ya zama bukata ta yau da kullum.

Madogararmu bayan Alƙur'ani da hadisi ita ce Muwaɗɗa ta Imam Malik, wanda ya rasu a shekarar 179 ta Hijira, da Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386, da Muhtasar na Shaihu Halil. Inda wata mazhaba ta saɓa, kuma saɓanin yana da amfani ga batunmu, za mu ambata.

Da me ake rantsuwa?

A wurin malaman Malikiyya, rantsuwa ita ce mutum ya ƙarfafa maganar da ba ta zama tilas a kansa ba ta hanyar ambaton sunan Allah ko wata siffa daga siffofinsa. Ke nan "wallahi" da "billahi" da "tallahi" rantsuwa ce, haka kuma "na rantse da girman Allah" ko "da ikon Allah". Shaihu Halil ya sa Alƙur'ani da Mus'hafi a wannan sahu, domin Alƙur'ani zancen Allah ne, zance kuwa siffarsa ce. Wanda ya ce "Alƙur'an ba zan je ba" da nufin rantsuwa, to, ya rantse, ko da babu littafi a hannunsa.

Bakin Bahaushe kuwa cike yake da waɗansu rantse-rantsen. Akwai "aradu" da "kwarankwatsa", waɗanda gyauro ne na zamanin da ake ganin tsawa ita ke hukunta maƙaryaci. Akwai rantsuwa da kabarin uba, da ran 'ya'ya, da darajar Annabi, da ɗakin Ka'aba. Hadisin da ya zo a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji Sayyadina Umar yana rantsuwa da mahaifinsa a cikin tafiya, ya hana shi, ya kuma umarci mai rantsuwa ya yi da Allah ko ya kame bakinsa. Malamai sun bambanta tsakanin waɗannan lafuzza. Rantsuwa da abin da shari'a ta girmama, kamar Annabi da Ka'aba, waɗansu sun ce haramun ce, waɗansu sun ce makaruhi ce. Rantsuwa da abin da ake bauta wa ba Allah ba kuwa, in da nufin girmamawa ne, tana kai mutum ga kafirci. Amma mafi yawansu sun taru a kan abu ɗaya: ba ta ƙulluwa, babu kaffara a cikinta, sai tuba da istigfari. Wanda ya kafa hujja da cewa Allah Ya rantse da hantsi da rana da ɓaure da zaitun, sai a ce masa Mahalicci Yana rantsuwa da abin da Ya so daga halittarsa, bawa kuwa an iyakance masa.

Haka nan mai cewa "in na yi kaza na bar Musulunci", Risala ta ce babu abin da ya hau kansa sai istigfari, ko da yake maganar mummuna ce ƙwarai. Mai rantsuwa da sakin matarsa shi ne ya ɗebo ruwan dafa kansa. A mazhabar Malik sakin yana aukuwa in ya saɓa, kuma alƙali yana da ikon ya ladabtar da shi don ya rantse da abin da bai kamata ba. Sau da yawa mace tana ɗaka tana dakanta, ba ta san igiyar aurenta ta tsinke a bakin kasuwa kan gardamar kuɗin buhun rogo ba.

Kashe-kashen rantsuwa

Ibn Abi Zaid ya kasa rantsuwa da Allah kashi huɗu, biyu ana yi musu kaffara, biyu ba a yi. Waɗanda ake yi wa su ne na abin da zai zo nan gaba: mutum ya rantse ba zai aikata abu ba sai ya aikata, ko ya rantse zai aikata sai ya bari. Wannan ita ce ƙullalliyar rantsuwa da aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kanta.

Daga biyun da ba su da kaffara, ta farko ita ce lagwu, watau yasasshiyar rantsuwa. A nan akwai saɓanin da ya shafe mu ƙwarai. Imam Malik ya fassara ta da cewa mutum ya rantse a kan abin da ya sakankance haka yake, daga baya ta bayyana ba haka ba ne. Alal misali, manomi a Darini ya rantse ya ga sansa a garken wane, da aka je aka duba sai aka tarar wani sa ne mai kama da shi. Wannan babu zunubi, babu kaffara. Imam Shafi'i kuwa ya bi fassarar da aka ruwaito daga Nana A'isha, cewa lagwu ita ce rantsuwar da ke suɓucewa a harshe cikin zance ba tare da zuciya ta ƙudurta ba.

Duk wanda ya zauna a majalisar Hausawa na sa'a guda ya san nauyin wannan saɓani. "Wallahi" ta zama gishirin zance. Yaro yana faɗinta don a yarda ya ci tuwo, dillali yana faɗinta kafin ya buɗe baki, mai ba da labari yana sa ta inda marubuci zai sa waƙafi. A fassarar Shafi'i mafi yawan wannan ya faɗa cikin abin da aka yafe. A fassarar Malik kuwa ƙofar ta fi ƙunci, domin wanda ya ce "wallahi gobe zan zo" bai zo ba, ba a ba shi uzuri da cewa harshensa ne ya saba. A ganinmu, mai koyarwa ya kamata ya sanar da ɗalibai maganganun biyu, don kada a jefa jama'a cikin ƙunci, amma ya riƙa tarbiyya da ta Malik. Dalili kuwa shi ne, ko an ɗauke kaffara, ba a ɗauke rashin ladabi ba. Aya ta 89 ɗin nan ta rufe hukuncinta da umarnin a kiyaye rantsuwa, aya ta 10 ta Suratul Ƙalam kuwa ta sa yawan rantsuwa a farkon siffofin wulaƙantaccen mutum. Abin lura ne cewa da rantsuwa ta yi araha, sai aka shiga ninka ta: "wallahi" ta kasa, aka ƙara "tallahi", aka ƙara "billahil azim", har aka kai ga "in dafa maka Alƙur'ani". Kuɗin da ya rasa daraja shi ake ɗauka da yawa zuwa kasuwa. A fiƙihu dai maimaitawar nan, in don ƙarfafawa ce a kan abu ɗaya, kaffara ɗaya ce.

Ta biyu ita ce gamus, watau mai dulmiyarwa: mutum ya rantse a kan abin da ya wuce alhali ya san ƙarya yake yi, ko yana shakka. Malik ya ce ba ta da kaffara, don ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba. Shafi'i ya ce a yi kaffara tare da tuban. Hadisin Buhari ya jera ta cikin manyan zunubai tare da shirka da saɓa wa iyaye da kisan kai, aya ta 77 ta Ali Imrana kuwa ta yi wa masu sayar da alkawarin Allah da rantsuwarsu da ɗan abin duniya narko mai tsanani. Mai rantsuwa cewa "haka na saya" alhali ba haka ya saya ba, a nan yake. Hadisi ya nuna irin wannan tana sa haja ta fita, ta kuma share albarkar cinikin.

Akwai togaciya. Wanda ya haɗa rantsuwarsa da "in Allah Ya so", yana nufin togewa, kuma ya faɗa kafin ya yi shiru, babu kaffara a kansa in abin bai yiwu ba. Togaciyar tana amfani ne a rantsuwa da Allah kaɗai, ba ta ceton mai rantsuwa da saki.

Kaffara

Abin da ya yaɗu a bakin jama'a shi ne kaffarar rantsuwa azumin kwana uku ce. Wannan rabin magana ne. Ayar ta fara ba da zaɓi cikin abu uku: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa. Azumi na wanda ya rasa ikon waɗannan ne. Tun da babu bauta a yau, zaɓi ya koma biyu. Mai hatsi a rumbu da ya yi azumi ya bar ciyarwa, kaffararsa tana nan a wuyansa.

Gwargwadon ciyarwa shi ne mudu ɗaya ga kowane miskini, da mudun Annabi, watau cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, wanda bai kai mudun kasuwa ba, balle tiya. Ibn Abi Zaid ya so a ƙara sulusi ko rabin mudu gwargwadon halin garin. Ana bayarwa daga abincin da mutanen wurin suka fi ci, wanda a wannan yanki gero ne da dawa da masara. A mazhabar Malik tilas mutum 10 ne daban-daban, Musulmi, ba waɗanda ciyar da su ya wajaba a kan mai kaffarar ba, kuma ba a raba ta a ce biyar abinci biyar tufa. Hanafiyya sun sauƙaƙa, sun yarda a ba mutum ɗaya cikin kwana 10, sun kuma yarda da ƙima. In tufa ce, namiji riga, mace riga da mayafi. Azumin an fi so a jera shi, in an rarraba ya isar. Ana iya yin kaffara kafin a karya rantsuwar ko bayan an karya, amma bayan ya fi. A garuruwan da 'yan gudun hijira daga ƙauyuka suka taru, kamar cikin garin Batsari, neman miskinai 10 ba ya bukatar tafiya mai nisa.

Wani ladabi da ake mantawa shi ne kuɓutar da mai rantsuwa. Mai gida ya ce wa baƙo "wallahi sai ka ci", baƙo ya ƙi don kunya. Kaffara a kan mai gida take, shi ya sa hadisin Bara'u ɗan Azib ya sa cika wa mai rantsuwa rantsuwarsa cikin abubuwa bakwai da aka umarci Musulmi da su, muddin babu saɓo ko cuta. Amma da mai gida ya bar sunan Allah ya yi tayinsa da "don girman zumunci", da ya fi.

Rantsuwa gaban alƙali

Tun da Jihar Katsina ta koma aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, kotunan shari'a ke sauraron mafi yawan rigingimun gona da bashi da gado na talakawa, kuma fiƙihun Malikiyya suke bi. Ƙa'idar ita ce mai ƙara ya kawo shaida, wanda ya musanta ya rantse. Amma Malik ya sa wani sharaɗi da ya gada daga alƙalan Madina: ba a rantsar da mutum sai an tabbatar akwai cuɗanya tsakaninsa da mai ƙara, ko akwai dalilin tuhuma. Hikimar a fili take. Ba don haka ba, da kowane mahassadi ya ja mutumin kirki kotu don ya ga an sa shi rantsuwa a bainar jama'a, tun da an san Bahaushe mai mutunci yakan gwammace ya biya abin da bai ci ba da a ce ya ci laya. In wanda ake ƙara ya ƙi rantsuwa, ba a yanke wa mai ƙara hukunci sai shi ma ya rantse. A sha'anin dukiya kuma ana hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara.

Lafazin shi ne rantsuwa da Allah wanda babu abin bauta wa da gaskiya sai Shi. In abin ya kai rubu'in dinari, watau nauyin zinariya da ya ɗara giram ɗaya kaɗan, ana tsananta ta: a tsaye, a masallacin Juma'a, a Madina kuwa a gindin mumbarin Annabi. Wanda ba Musulmi ba yana rantsuwa da Allah a wurin da yake girmamawa. A nan babu wayon baki, domin hadisin Muslim ya nuna rantsuwar tana bin niyyar mai rantsarwa. Wanda ya rantse "ban karɓi kuɗinsa ba" yana nufin a zuciyarsa "yau", ya yi gamus.

To, ina asalin dafa Alƙur'ani, wanda a ƙasar Hausa shi ne rantsuwa ta gaske? Ba a san shi a zamanin Annabi ba. An ruwaito Imam Shafi'i ya ga alƙalin San'a yana rantsarwa da Mus'hafi, ya kuma ga kyawun haka. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 543, ya ce bidi'a ce da babu sahabin da ya ambata. Duk da haka alƙalanmu sun daɗe suna sa a yi alwala a riƙe littafin. Hujjar da ta fi dacewa da aikinsu ita ce maganar Umar ɗan Abdul'aziz da Risala ta kawo a wannan babi, mai ma'anar cewa ana sabunta wa mutane hukunci gwargwadon ɓarnar da suka sabunta. Ke nan dafa littafin tsoratarwa ce, ba sharaɗi ba ne. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin jahilci ya juya shi: akwai masu ganin "wallahi" ta baki ba ta ci, sai an dafa, har waɗansu na neman dabarar da za ta sa dafawar ta zama ba ta kama su ba, kamar barin alwala da gangan. Wanda aka rantse da Shi ɗaya ne, ko da littafi ko babu.

Rantsuwar sulhu

Mu zo ga abin da ya fi damun mutanen wannan yanki. A watan Satumba na 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya zaga ƙananan hukumomi 8 da ke bakin daji, watau Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume, ya zauna da shugabannin 'yan bindiga, aka yi musayar waɗanda ke tsare, aka yi alkawarin zaman lafiya. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A watan Yuni na shekarar Gwamnan ya bayyana cewa ya janye daga sulhun don an ci amanarsa. Ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Wanda ya jagoranci wannan, Auwalu Daudawa, ya bayyana a Gusau ranar 8 ga Fabrairu, 2021, gaban Gwamna Bello Matawalle, ya miƙa makamai, ya rantse da Alƙur'ani ba zai koma ba. Kafin wata uku ya cika ya koma daji, aka kashe shi a can a faɗa da wata ƙungiya. A shekarar 2025 kuma al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa suka sake zaman sulhu, a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa.

Mutane da yawa sun ɗauki ƙarshen Daudawa a matsayin hujjar cewa Alƙur'ani ya ci shi. Ba mu musun cewa Allah Yana gaggauta wa maƙaryaci uƙuba in Ya so. Amma gina tsaron gari a kan wannan zato kuskure ne, domin shari'a ba ta yi alkawarin duk mai karya rantsuwa zai mutu cikin wata uku ba, kuma akwai waɗanda suka karya suka daɗe. In jama'a suka ɗauka alamar gaskiyar rantsuwa ita ce saurin cinta, ranar da ba ta ci ba sai su raina ta.

Abin da fiƙihu ya faɗa ya fi wannan amfani. Da farko, rantsuwar sulhu tana da fuska biyu, rantsuwa ce kuma alkawari ne. Kaffara tana warware fuskar farko, ba ta taɓa ta biyu. Wanda ya rantse zai ajiye makami ya koma, ciyar da miskinai 10 ba ta wanke shi daga yaudara ba. Ayoyi na 91 da 92 na Suratun Nahli sun hana warware rantsuwa bayan an ƙarfafa ta, sun kamanta mai yin haka da macen da ta kaɗa zare ya yi ƙarfi sa'an nan ta warware shi, sun kuma ambaci dalilin da ke sa a warware, watau wani ɓangare ya ga ya fi ɗaya yawa. Wannan ya hau kan kowane ɓangare. In hukuma ko 'yan sa-kai suka ba mutum aminci ya fito, sa'an nan aka tare shi a hanyar kasuwa, su ma sun shiga cikin ayar. In an ji tsoron ha'inci, aya ta 58 ta Suratul Anfali ta ba da hanya: a sanar da ɗaya ɓangaren a fili cewa alkawari ya ƙare. Annabi bai tasar wa Makka a shekara ta 8 ba sai da Ƙuraishawa suka karya sulhun Hudaibiyya na shekara ta 6 ta hanyar taimakon Banu Bakar a kan Huza'a.

Na biyu, kuma nan ne aka fi yin sakaci, rantsuwar tuba ba ta share haƙƙin mutane. Ayoyi na 33 da 34 na Suratul Ma'ida sun faɗi hukuncin ɗan fashi, suka toge wanda ya tuba kafin a kama shi. Ibn Abi Zaid ya bayyana iyakar wannan togewa: ana ɗauke masa abin da yake haƙƙin Allah ne, watau haddin fashi, amma ana kama shi da haƙƙin mutane na dukiya da na jini. Ke nan a ce an kore wa wani mutumin Darini shanun huɗa guda biyu, wanda ya kore su ya zo ya dafa Alƙur'ani gaban hakimi. Hakimi ba shi da ikon yafe shanun, gwamna ma haka. Mai su ne kaɗai zai yafe, haka magadan wanda aka kashe su ke da zaɓin ƙisasi ko diyya ko afuwa. Sulhun da aka rantse a cikinsa aka tashi ba a kira masu haƙƙi ba, ya ɗauki rabin hukuncin ya bar rabi. A ganinmu wannan na cikin dalilan da ke sa irin wannan sulhu ba ya ƙarko, domin wanda aka zalunta yana kallon ɓarawonsa yana yawo da abinsa, shi kuwa ɓarawon bai biya kome ba da zai sa komawa ta yi masa nauyi. Mayar da dukiya shi ne abin da ido ke iya gani daga tuba, rantsuwa kuwa sheda ce a kan abin da ke zuci.

Na uku, akwai rantsuwar da wajibi ne a karya. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya rantse ba zai bar wani Bafulatani ya shiga kasuwar garinsu ba, ko makiyayin da aka ƙone wa ruga ya rantse sai ya rama a kan ƙauyen da ya fi kusa, duka sun rantse a kan zalunci. Aya ta 224 ta Suratul Baƙara ta hana a sa sunan Allah ya zama shinge tsakanin mutum da aikin alheri da sulhunta mutane. Sayyadina Abubakar ya rantse ba zai ƙara taimakon Misɗahu ba, saboda ya sa baki cikin ƙazafin da aka yi wa 'yarsa A'isha, aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka, ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. Mai cewa "na riga na rantse" sai a tuna masa mudu 10 ne tsakaninsa da fita.

Ko a batun kisa, inda shari'a ta yarda da ƙasama, watau rantsuwa 50 da dangin mamaci ke yi a kan wanda suke tuhuma, Malikiyya sun tsananta. Sai akwai alama mai ƙarfi, kamar shaida adali guda ɗaya ko furucin mamacin kafin ya cika. A kisan ganganci ba a karɓa daga ƙasa da maza biyu, kuma ba a kashe fiye da mutum ɗaya da ita. Risala ta fito fili cewa tsintar gawa a unguwar waɗansu mutane ba ta wajabta ƙasama. Gawar da aka gani kusa da ruga ko kusa da ƙauye ba ta halatta jinin mutanen wurin.

Rantsuwar tilas

Saura tambayar da talakawan ƙauye suka fi yi wa malamansu. Mutum yana hannun masu bindiga, aka sa shi ya rantse zai kawo kuɗi in an sake shi, ko ba zai faɗi inda aka ajiye shi ba. Ko kuma aka tambaye shi gidan wane, ya rantse bai sani ba alhali ya sani. Me ke kansa?

Asalin amsar yana cikin aya ta 106 ta Suratun Nahli, wadda ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta wa furta kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani. In an yafe wannan, abin da bai kai shi ba ya fi cancanta. Mazhabarmu tana da tarihi a nan. Bayan tawayen Muhammadu Nafsuz Zakiyya a Madina a shekarar 145, zamanin Halifa Mansur, an yi wa Imam Malik bulala a ƙarƙashin gwamnan Madina Ja'afar ɗan Sulaiman, saboda ya ƙi barin fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa. Masu mulki sun gane inda maganar ta nufa: in rantsuwar tilas ba ta ƙulluwa, mubaya'ar da aka karɓa da takobi ma haka. Saboda haka wanda aka rantsar da bakin bindiga babu alkawari a kansa ga azzalumi, kuma sanar da hukuma abin da zai ceci waɗanda suka rage a daji ba cin amana ba ne.

Mai rantsuwa don ya ɓoye wani daga azzalumi kuwa, an so ya yi tauriyya in zai iya, watau ya faɗi magana mai fuska biyu yana nufin ta gaskiya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Suwaidu ɗan Hanzala yana tafiya tare da Wa'ilu ɗan Hujru, wani maƙiyin Wa'ilu ya kama shi, sauran abokan tafiya suka ji nauyin rantsuwa, Suwaidu ya rantse cewa ɗan'uwansa ne, aka sake shi. Da labari ya kai ga Annabi sai ya gaskata Suwaidu, tun da Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne. Ƙa'idar cewa rantsuwa tana bin niyyar mai rantsarwa ta alƙali ce da mai haƙƙi, ba a miƙa ta ga wanda ya zo da dare yana neman gidan da zai shiga. In tsoro ya hana mutum samun maganar mai fuska biyu ya yi rantsuwar kai tsaye don ya ceci rai, malamai ba su sa shi cikin masu gamus ba. Iyakar sauƙin ita ce ran wani: wanda aka ce ya nuna maɓoyar maƙwabcinsa ko ya kashe shi da hannunsa, tilas ba ta zama masa uzuri, domin ransa bai fi na maƙwabcin daraja ba.